Kwabon Ɗakin Famfo

Ban taɓa zura hannu a aljihun wani ba, ban taɓa fasa shagon kowa ba, amma na yi zaman kurkuku a Riyad, kuma ba zaluntata aka yi ba. Abin da na sata ba ya shiga buhu. Tafiya aka ba ni amana in yi, sai na zauna a inuwa na ce na yi. Ku samarin da ke ta faɗi-tashin neman bizar Saudiyya, da ku da ke gadi ko wani aikin dubawa a nan gida, ku ara mini kunnuwanku. Ba zan faɗi sunana ba, amma ba zan rage komai daga labarin ba.

A Funtuwa aka haife ni. Babana mai gyaran agogo ne da rediyo a wata 'yar rumfa kusa da tasha, a gabansa na koyi sana'ar. Ina da hannu, wannan ko maƙiyina ya shaida. Agogon da wani ya ce ya mutu, in na buɗe cikinsa sai ya tashi. Sai dai ina da wani hali da na ɗauka baiwa ce: duk aikin da aka ba ni sai na nemo gajeriyar hanyarsa. Babana yakan ce, "Kai hannunka ya fi kanka hankali." Ni kuwa dariya nake yi, ina ganin yabo ne.

Da wayar salula ta kashe kasuwar agogo, na yi ta buga-buga har Allah ya sa na samu hanyar Riyad. Na fara da wani shagon gyaran fanka da na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Gubaira. Aikin ba laifi, amma kafilina, wato wanda takardar zamana take hannunsa, mutum ne mai ɗan karen faɗa. Ranar Juma'a nakan tafi unguwar Dira, inda Hausawa ke haɗuwa bayan masallaci a sha hira. A can na haɗu da Baba Isufu.

Baba Isufu mutumin Maraɗi ne, dattijo siriri mai furfura a gemu, ya daɗe a ƙasar. Shara da goge-goge yake yi a wata tashar wutar lantarki da ke can bayan gari, cikin rairayi. A sansanin da ma'aikata ke kwana shi ne ladan, ba don an naɗa shi ba, sai don in ya ɗaga murya ba wanda ke son wani ya karɓe shi. Har 'yan Bangaladash da ba sa jin ko kalma ɗaya ta Hausa suna kiransa Bilal. Bai taɓa kiran sunana ba, kullum "ɗan Huntuwa". Da ya ji kukana game da kafilina, sai ya ce kamfanin da ke kwangilar zagayen gobara a tasharsu na neman mutane. Shi ya kai ni gaban mushrif, wato shugaban masu zagaye, ya dafa kafaɗata ya ce da 'yar Larabcinsa, "Wannan ɗana ne, amintacce ne." Da wannan kalma aka mayar da takardata wurinsu.

Tashar ba irin ta nukiliya ba ce da kuke ji a labarai, gas da mai take ƙonawa. Amma wuta wuta ce. Aikinmu shi ne mu bi lungu-lungu muna dubawa: ko mai na ɗiga, ko waya na ƙauri, ko an tare wata ƙofar tsira, ko tukunyar kashe gobara na nan a mazauninta. Don a tabbatar mun je, a kowane wuri an manna wani ɗan ƙarfe a bango cikin murfin roba. Mu Hausawa muna ce masa kwabo, don ya yi kama da tsohon kwabo. Kowane mai zagaye na riƙe da wata sanda mai kamar tocila. In ka isa, sai ka ɗora bakin sandar a kan kwabon, ta yi ƙara, ka danna kore in lafiya, ka danna ja in ka ga matsala. Nan take kwamfutar ofis za ta rubuta cewa wane ya iso wuri kaza a lokaci kaza. Mushrif ɗinmu ya yarda da kwamfutar nan fiye da idonsa. In ya ga kore ya jeru a allo, sai ya ce "tamam", wato daidai, ya koma kan wayarsa.

Da farko na yi aikin tsakani da Allah. Lokacin sanyi na fara, tafiyar har daɗi take yi. Sai bazara ta shigo. Wanda bai yi bazarar Riyad ba kada ya ce ya san zafi. Tsakanin azahar da la'asar, iskar da ke bugun fuskarka kamar daga bakin tanderun burodi take fitowa, ƙarfen matakala ba ya taɓuwa da hannu, takalminka har danƙo yake yi a kwalta. A wannan lokacin zagayena ya faɗo, ni da abokin aikina, wani ɗan Gombe da muke kira Dogo. Wuri mafi nisa kuwa shi ne ɗakin famfo, inda injinan da ke tura mai suke, can ƙarshen shinge, ba inuwa ko ta sandar fitila a hanyar.

Wata rana na isa ɗakin famfo sai na tarar zafi ya narkar da gam, kwabon ya ɓalle daga murfinsa ya faɗo ƙasa. Na tsince shi na sa a aljihu da niyyar in kai ofis. Da na dawo ɗakin masu zagaye, na zauna a ƙarƙashin sanyi, sandata ta gogi aljihuna, sai na ji ta yi ƙara. Na duba, ta rubuta ɗakin famfo. Na kalli Dogo, Dogo ya kalle ni.

"Kai," in ji shi, "ashe abin nan bai san inda yake ba."

Wallahi da a ranar na miƙe na kai kwabon nan ofis, da ba ku karanta wannan labari ba. Amma na ce bari in riƙe shi na yau kaɗai, gobe na kai. Goben ta zo da zafin da ya fi na jiya. Na mayar da murfin robar bango yadda ba mai gane ba komai a ciki, kwabon kuwa ya zauna a aljihuna. Na daina zuwa ɗakin famfo. In lokacinsa ya yi, sai in laɓe a inuwar wani gini, in ɗora sanda a aljihu, in danna kore.

Ɓarna ba ta tsayawa inda ta fara. Dogo ya ce tunda ɗaya ya yiwu, me zai hana sauran? Nan hannun mai gyaran agogo ya samu aiki. Da ɗan sukundireba na bi wuraren da ke da nisa ina zare kwabban, ina mayar da murafe kamar ba a taɓa ba. Na samo wani guntun katako na jera su a kai bi da bi, na rubuta sunan kowane a ƙasansa. Muka ɓoye katakon a bayan firjin ɗakinmu. Har dabara na ƙara: kada a taɓa su a jere da sauri, sai a bar tazarar da mai tafiya da ƙafa zai ɗauka. Sai ga mu zaune muna shan ruwan sanyi, muna kallon ƙwallo a waya, muna zagaya tasha guda da yatsa. 'Yan aikin safe da na yamma suka ji labari, su ma suka shigo. Aka riƙa ce mini injiniya, ni kuwa kaina ya yi girma. Kwabon ɗakin famfo kaɗai ban ɗora a katakon ba, na bar shi a aljihuna don shi ne na farin, ina ganinsa kamar abin sa'a.

Ban da mu masu zagaye, mutum ɗaya ne ya san ba ma zuwa, shi ne Baba Isufu, don ɗakin famfo na cikin wuraren da yake gogewa kullum da rana. Wata rana muna cin kabsa, shinkafar Larabawa, a sansani, ya dube ni yana murmushi.

"Ɗan Huntuwa, halan kun koma aljannu? Ana cewa kuna zuwa, ni ko ban ganinku."

Na ce, "Baba, saɓani muke yi."

Ya ci gaba da cin abincinsa. Bayan 'yan kwanaki ya same ni ni kaɗai bayan sallar magariba. Wannan karon ba murmushi. Ya ce akwai wani bututu da ke ɗigar da mai kusa da ƙofar gaba, yana gogewa yana dawowa. Ya ce kuma masu fenti sun jibge gangunansu a bayan ƙofar baya, ta waje, ƙofar ba ta buɗuwa. Ya gaya wa shugabansu na masu shara, an ce masa ba shugulinsa ba ne, wato ba aikinsa ba ne, akwai masu zagaye.

"Ku ad da jan maɓalli, ɗiyana. Ka danna musu shi."

Na ce, "In sha Allahu gobe, Baba."

Ban danna ba. Na yi lissafina irin na masu wayo: in na danna ja, injiniyoyi za su zo, wani zai iya taɓa murfin ya ji ba komai, a tambayi yadda aka yi kore ke fitowa daga bangon da babu kwabo. Na ce bari in sami rana in mayar da shi tukuna, sannan in kai rahoto. Kullum sai in ce gobe. Mutumin da ya dafa kafaɗata ya ce ni amintacce ne ya roƙe ni abu ɗaya, na kasa yi masa saboda tafiyar da ba ta kai daga tashar Funtuwa zuwa kasuwa ba.

Ranar da abin ya faru, muna zaune ni da Dogo bayan azahar. Na ɗora sanda a aljihu, na danna wa ɗakin famfo kore. Ban gama shan ruwan da ke hannuna ba jiniya ta ɗauka. Muka fito da gudu, muka hango baƙin hayaƙi ya turnuƙe a ƙarshen shinge. Rabona da bin hanyar nan an yi watanni, ranar na bi ta da gudu, ban ma ji zafin ba.

Man da ke ɗiga ne ya sauka a kan bututu mai zafi ya kama, daidai ƙofar gaba. Baba Isufu na ciki. Ya ruga ƙofar baya, ganguna sun tare ta. Tun daga nesa muna jin yana dukan ƙarfen ƙofar. Kafin a ture gangunan a fito da shi, dukan ya tsaya. An fito da shi da rai, tafukan hannunsa sun ƙone, hayaƙi ya cika masa ƙirji. Masu kashe gobara suka ci ƙarfin wutar kafin ta kai manyan tankuna. Da ta kai, da ba wanda zai saura ya ba da labari.

Da yamma aka killace ɗakin famfo, aka sa askarawa, wato 'yan sandansu, suna gadi. Dogo bai ɓata lokaci ba. Kafin gari ya waye shi da sauran sun mayar da kwabban wurarensu, katakon kuwa suka karairaya suka zubar. Saura ɗaya, na aljihuna, wanda ba hanyar mayarwa.

"Jefa shi a rairayi," in ji Dogo. "Bangon ya ƙone, za su ce wuta ta cinye shi. Halas, shi ke nan."

Na ce to. Amma ban jefa ba, ban kuma san dalili ba a lokacin.

Masu bincike suka zo, suka buɗe kwamfuta. Me suka gani? Kore. Watanni a jere kore, har zuwa 'yan mintoci kafin gobarar: mai zagaye ya zo, ba mai a ƙasa, ƙofar tsira a buɗe take. Suka kira ni, na rantse cewa haka na gani. To in haka ne, wa ya tare ƙofa, me ya tada wuta a ɗan wannan tsakani? Mutum ɗaya ne a ɗakin. Suka ce mai shara ne ya tura gangunan waje don ya samu wurin gogewa. Sannan a cikin toka suka tsinci butar shayi ta lantarki. Baba Isufu mutum ne mai son shayi kamar yawancin mutanensu, an kuma taɓa yi masa gargaɗi a kan dafa shi a wurin aiki. Shi ke nan, magana ta haɗu: tsoho ya kunna buta kusa da mai. Ni kuwa na san butar nan. Tun ranar gargaɗin ya kawo mini ita ya ce in cire mata waya don kada shaiɗan ya rinjaye shi, da hannuna na cire. Alwala kawai yake yi da ita.

Labari ya iso sansani cewa in ya warke kotu za a kai shi. Ba diyya, ba haƙƙinsa na shekarun da ya yi, daga asibiti sai kurkuku, daga can a tasa ƙeyarsa gida da sunan wanda ya kusa ƙona tasha. Koren da na danna ina zaune ya tashi ya zama mai shaida a kansa. A 'yan kwanakin nan wani ɗan Sudan ke kiran salla a sansani. Duk sanda ya fara, sai abinci ya fita raina.

Ranar Juma'a na tafi asibiti. Askari na zaune a ƙofar ɗakinsa, don yanzu shi wanda ake tuhuma ne. Da ƙyar aka bar ni na shiga. Na same shi kwance, hannuwa a naɗe, robar iska a hanci. Na gaishe shi, bakinsa ya motsa ban ji komai ba. Sai da na sunkuya na kai kunnena dab da bakinsa.

"Ɗan Huntuwa," ya ce, muryar kamar ana jan tsintsiya a ƙasa. "Sun tambaye ni ko ka zo rannan."

Na ce, "Me ka ce musu, Baba?"

"Na ce hayaƙi ya ɗauke mini tunani. Ni na kai ka wurinsu. Kana da ƙanana gida."

Ya rufe ido. Ya san komai, yana da abin da zai wanke kansa da shi, ya haɗiye saboda ni. Da zagina ya yi, da na samu abin riƙewa. Na tsaya a gefen gadon nan na ji na tsani kaina, ban taɓa jin ƙyamar wani mahaluki kamar yadda na ji tawa a ranar ba. Na sa hannu a aljihu na damƙe kwabon. Kafin in fito daga ɗakin na riga na yanke abin da zan yi.

Ban yi shi a ɓoye ba. Na tara Dogo da sauran na gaya musu gobe zan je wurin masu bincike. Dogo ya miƙe tsaye.

"Ka haukace? Mu nawa za ka kashe saboda mutum ɗaya? Tsohon nan ko yau ko gobe gida zai koma. Mu fa yanzu muka fara!"

Na ce, "Gida zai koma, amma ba da sunan mai laifina ba."

"To ka faɗi naka, ka bar namu."

Na ce ba zan ƙirƙira wa kowa komai ba, amma abin da aka tambaye ni zan faɗa, na gama rantsuwa a kan ƙarya. Wani ya kira ni maci amana, wani ya ce in tuna da 'ya'yana. Na tuna da su kuwa, har kuka na yi. Amma na ga gara su ji ubansu yana kurkuku da su ci abincin da aka saya da mutuncin Baba Isufu. Na buga wa matata waya na ce za ta daɗe ba ta ji daga gare ni ba, ta yi haƙuri, ta kula da yara. Ta yi ta tambaya, na ce za ta ji komai daga bakina, ba daga bakin wani ba.

Da safe na shiga ofishin da masu bincike ke zama. Babbansu wani Balarabe ne mai farin gilashi, ba ya ɗaga murya. Na ce ina da magana. Ya ce ai na riga na ba da shaidata. Na fito da kwabon na ajiye a teburinsa, na ce ya sa a kawo sanda. Aka kawo, na ɗora ta a kai, ta yi ƙara. Ya juya ya dubi allon kwamfuta: ɗakin famfo, yanzun nan. Ya ɗauki kwabon ya jujjuya shi. Ɗakin da aka ce yana ciki ya ƙone har bulo ya tsage, shi kuwa fes, ko ɗigon baƙi babu.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

Na ce, "Tun farkon bazara."

Na faɗa masa komai: katakon, man da ke ɗiga, gangunan masu fenti, gargaɗin da tsoho ya yi mini, butar da ba ta da waya. Ya aika aka duba butar, aka same ta yadda na ce. Ya cire gilashinsa ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ka san inda wannan zai kai ka?" Na ce na sani. Daga ofishin nan ban sake komawa sansani ba.

Aka kama Dogo da sauran waɗanda suka yi amfani da katakon. Mushrif ma bai tsira ba, don an tambaye shi yaushe rabon da ya taka ƙafarsa ya duba, ya rasa amsa. Kotu ta same ni da laifin shirya bayanan ƙarya da sakacin da ya jawo wa mutum rauni. Alƙali ya ce kawo kaina da na yi ya rage mini, amma bai wanke ni ba. Gaskiya ya faɗa.

Ba zan ƙawata muku kurkuku ba. Ɗaki cike da mutane, kowa da yarensa, ba ka da wurin da za ka juya ka yi kukanka kai kaɗai. Babana ya rasu ina ciki, sai bayan an yi sadakar bakwai labari ya iso ni. Dogo muna gini ɗaya da shi, bai sake yi mini magana ba har aka raba mu, kuma ban ga laifinsa ba, ni na koya masa hanyar. Abin da ya riƙe ni shi ne saƙon da wani ɗan Damagaram ya kawo mini: an janye askari daga ƙofar Baba Isufu, an wanke shi, kamfani ya biya maganinsa da haƙƙinsa, ya koma Maraɗi da mutuncinsa. A cikin kurkukun nan na fara salla a kan lokaci ba don idon kowa ba. Akwai wani ɗan fili da ake fito da mu shan iska, kullum sai na zagaya shi da ƙafa har a ce a koma. Fursunoni na yi mini dariya, suna cewa ɗan Najeriya na neman ƙofa. Ni na san bashin tafiyar da nake biya.

Da wa'adina ya cika aka wuce da ni tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora, aka ɗauki hoton yatsuna, aka ce kada in dawo. Na sauka Kano da leda ɗaya a hannu. Na kwana biyu a gida, na gaya wa matata komai kamar yadda na yi alkawari, sannan na hau mota ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi.

Na same shi zaune a kan tabarma a ƙofar wani ƙaramin masallaci a unguwarsu. Ya rame, yatsunsa sun ƙanƙance ba sa miƙewa. Na durƙusa a gabansa na kasa ɗaga kai. Na ce, "Baba, na zo neman gafara." Ya yafito ni da hannu in matso, don har yau muryar ba ta wuce raɗa ba, likitoci sun ce ba za ta dawo ba.

"Na yahe maka tun randa askari ya tashi daga ƙohwata," ya ce. "Amma yahiya ba ta maido murya, ɗiyana."

Na fashe da kuka kamar yaro. Ya bar ni na yi mai isata. Can ya ɗaga kai ya dubi inuwar bango, ya ga la'asar ta yi. Na ga maƙogwaronsa ya motsa irin na wanda ya saba kiran salla, sannan ya tsaya. Ya taɓa gwiwata da hannun nan nasa.

"Tashi ka kira muna salla."

Muryata ba ta da daɗi, ko a gidanmu an sani. Na tashi na kira, shi kuwa yana zaune yana bin kalmomin da leɓɓansa. Ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wannan kiran salla ba.

Yanzu gadi nake yi a wani sito na hatsi a Funtuwa. Ba kwabo, ba sanda, ba kwamfuta, ba mai sanin ko na zagaya ko ban zagaya ba. Ina zagayawa. Kowace ƙofa sai na kama ta da hannuna na girgiza, kowane lungu sai na leƙa, ko ana ruwa ko ana rana. Abokan aikina na ce mini mai wahalar da kai, nakan ce na gode. Wanda ya nemi in sa masa hannu a kan abin da bai duba ba, ko ɗan uwana ne, ba na yi, in ya so ya yi fushi. Duk Juma'a nakan kira Baba Isufu. Kafin in kira sai na rufe ƙofa na kashe fanka, in ba haka ba ba zan ji abin da yake faɗa ba.

Ƙannena, ga abin da na zo gaya muku. Shaiɗan bai taɓa ce mini in ƙona mutum ba, da ya ce da na tsine masa. Cewa ya yi rana ta yi zafi, yau kaɗai, ai ba abin da zai faru. Kuma kwana da kwanaki ba abin da ya faru, wannan shi ne tarkon. Kada wayonku ya ruɗe ku kamar yadda nawa ya ruɗe ni. Na'ura za ka iya yi mata dabara, shugaba za ka iya rufe masa ido, amma man da ke ɗiga bai san ka danna kore ba. In kun riga kun fara, ku tsaya yau, ku je ku faɗa da bakinku tun abin bai ci wani ba. In aikin ya fi ƙarfinku, ku ce ya fi ƙarfinku, ku ajiye shi, wannan ba abin kunya ba ne. Amma kada ku ce kun je alhali ba ku je ba.

In aka ce ka je ka duba ƙofa, tashi ka je ka duba. Akwai mutum a bayanta.